Mutum Biyu da Ba Su Taɓa Saɓawa Ba

Malmö, 12 ga Janairu

Gwaggo Gunvor,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya. Yaya ƙugun nan naki da sanyin Kalix? Baba ya ce har yanzu da kanki kike kwashe ƙanƙarar ƙofar gida. Ni lafiyata lau, ban da murar da ta ƙi sakina tun Kirsimeti. Ga shi na bi dokarki na ɗauki biro, tunda kin ce duk wanda ya kira ki a waya ba shi da abin faɗa ne.

Kin tambaye ni wai me muke sayarwa ma, ni da abokina Hampus, da har na ajiye aikin albashi. To ga shi yadda tsohuwa za ta gane, kamar yadda kika nema. Kin san ɗakin wanki na ƙasan bene, inda duk mutanen gida ke wanki da injinan haɗaka, kowa da lokacinsa. Har yau allon katako ne a bango, mutum ya sauko ya maƙala ɗan kwaɗonsa na kulle mai lambar ɗakinsa a ramin lokacin da yake so. Mu kuwa allo mai haske muke ƙerawa, haɗe da makullin ƙofa. Daga wayarka za ka kama lokaci, ƙofar kuma ba za ta buɗe wa kowa ba sai kai. Wata takwas ke nan muna fama. Hampus ke rubuta manhajar, ni ke yawon neman masu saye.

Masu sayen ne dai shiru. Duk wanda na nuna wa sai ya ce "abin sha'awa", ya ba ni kofi, ya raka ni ƙofa. Amma akwai wata ƙungiyar masu gidaje mai benaye goma sha ɗaya, shugabarsu Ulla-Britt ta ce mu zo taronsu na shekara a watan Mayu. Kin san su, abin da ba a yanke a wannan taron ba sai baɗi.

Ga abin da ke cin raina. Matar Hampus tana da ciki, wani kamfanin inshora kuma ya yi masa tayin aiki daga watan Yuni. Ya ce musu sai ya ga abin da Mayu zai haifar. In muka fito daga taron nan hannu rabbana zai tafi, ni kuwa ko layi ɗaya na manhaja ban iya rubutawa ba. Ranar da ya tafi, ranar kamfani ya mutu.

Abu ɗaya nake godiya a kai: tun da muka fara ba mu taɓa saɓawa ba. Komai sai mun zauna mun yarda mu biyu. Ke da kika riƙe masana'antar safar hannu shekara talatin, me kika hango?

Naki,
Sixten

Kalix, 25 ga Janairu

Sixten ɗan ƙanena,

Na samu wasiƙarka, na gode. Ƙugu yana nan yana ƙorafinsa, ni ma ina nawa. Ka gaya wa ubanka in yana son ƙanƙarar nan ya zo ya kwashe da kansa, ya daina kai rahoto. Murarka kuwa maganinta hula, tun kana yaro kake yawo da kai a buɗe.

Na karanta sau biyu. Ba cikin matar Hampus ne ya ba ni tsoro ba, layinka na ƙarshe ne. Wata takwas, maza biyu a ɗaki ɗaya, babu ciniki ko na krona guda, kuma ba a taɓa saɓawa ba? Ko ɗayanku ya mutu ne ba a lura ba? Ni da marigayiya Majvor da muka kafa masana'antar, kafin a sha kofin safe mun riga mun yi faɗa ɗaya mun shirya. Ta taɓa jifana da ƙunshin fata a kan launin zare, kuma ita ke da gaskiya. Zo mu zauna, zo mu saɓa ne, ɗana. Inda babu saɓani wani ne ke haɗiye magana.

Sai batun "abin sha'awa". Haba Sixten, a ƙasar nan fa aka haife ka! Abin da nake cewa ke nan in an miƙo mini jariri mai kama da kakansa. Wanda ya yaba bai saya ba, ƙi ya yi da ladabi.

Ka taɓa zama a ɗakin wankin nan kuwa? Ba shiga da jaka ana yi maka rakiya ba, zama. Kafin mu ɗinka safa ta farko sai da na yi hunturu guda ina bin masu saran itace cikin daji, ina kallon inda tasu ke yagewa. Na zata tafin hannu ne. Ashe tsakanin babban yatsa da manuni ne, wurin da ko a mafarki ban kawo ba. Ajiye allon nan naka, ka je ka ga inda mutane ke yagewa. Gani ya kori ji.

Ka rubuto ka gaya mini abin da ka gani, ba abin da kake fata ba.

Gwaggonka,
Gunvor

Malmö, 20 ga Fabrairu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Mura ta tafi, kuma eh, na sayi hula. Ina fata ƙugu ya sassauta.

Na bi maganarki. Ulla-Britt ta ba ni makulli, na yi sati biyu a ɗakunan wankinsu. Don kada a tsargu sai na riƙa zuwa da kayana ina maimaita musu wanki, har riguna biyu sun koɗe.

Gwaggo, babu wanda ke da matsala da allon katako. Ko mutum ɗaya. Wani dattijo ya ce tun kafin a haife ni yake maƙala kwaɗonsa, bai taɓa cin amanarsa ba. Na ji kamar an watsa mini ruwan tafki.

Ga inda suke yagewa. Wata mata ta sauko da kwando cike da kayan yara, lokacinta ya yi, amma wanda ya riga ta bai kwashe nasa ba, injuna suna ta juyi. Ga lambar ɗakinsa a allo, hawa ɗaya ne tsakaninsu. Ta tsaya, ta dubi agogo, ta dubi injin, ta ɗauki kwandonta ta koma. Na bi ta na tambaya, ta ce fiye da sati ta jira wannan lokacin. Na ce me ya hana ki ƙwanƙwasa masa? Ta dube ni kamar na ce ta shiga gidansa ta taga. Ta ce, "In ya buɗe fa?"

Abin da suke yi shi ne takarda marar suna a bango. Na ga wata da ke cewa, "Ga wanda ya bar gashin karensa a injin busarwa: mu ma mutane ne." Kowa ya karanta ban da mai karen, masu karnuka uku na gidan kuma aka daina gaishe su.

Sai tunani ya zo mini. Ba allo, ba makulli. Ka shigar da lambar da ke jikin kwaɗon a wayarka, saƙo ya tafi kai tsaye wurin mai ɗakin cikin lafazi mai daɗi: lokacinka ya cika, ana jira. Bai san wa ya aiko ba, kowa ya tsira da fuskarsa. Na gaya wa matar nan, ba ta ce abin sha'awa ba. Cewa ta yi, "Yaushe?"

To amma ta yaya zan gaya wa Hampus? Allon nan ɗansa ne, wata tara yana renonsa. Ga shi kwanan nan ya yi shiru, yana tashi da wuri bai ce ina za shi ba. Ina jin zuciyarsa ta riga ta koma inshora, kunya ce kawai ke riƙe da shi. Ina tunanin in sauwaƙe masa ya tafi, kada in ja mai jiran haihuwa cikin sabuwar caca. In kin ga kuskure ne, ki gaya mini da wuri.

Sixten

Malmö, 19 ga Maris

Gwaggo,

Ina fata lafiya. Wata guda ke nan ban ji daga gare ki ba. Na karya doka na kira, waya ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba, na ce halinki ne. Na tambayi Baba, ya ce kina nan, ya canza magana.

Na san ki, da kin ga kuskure da tuni wasiƙa ta iso tana hayaƙi. Don haka na ɗauki shirunki a matsayin amsa.

Ranar Juma'a da Hampus ya tashi, na rubuta takarda na ajiye a teburinsa. Na ce na san halin da yake ciki, kada ya ji nauyina, in ya karɓi aikin inshora ba zan riƙe shi a zuci ba. Ban ambaci sabon tunanin ba, me zai yi da shi? Ranar Litinin na tarar da tasa a ƙarƙashin kofina: "Na gode da fahimta. Zan yi tunani."

Shi ke nan. Muna zuwa, muna gaisawa, muna shan kofinmu safe da yamma kamar kullum, muna hirar ko bazara za ta zo da wuri bana. Jiya har burodin kirfa ya kawo. Raina a ɓace yake, Gwaggo. Sai da na gano abin da mutane ke so sannan zan rasa wanda zai gina shi.

Ko layi biyu ne ki rubuto.

Sixten

Asibiti, Luleå, 3 ga Afrilu

Sixten,

Lafiyata da sauƙi, tunda ga ni ina iya zagi. Na zame a kan ƙanƙarar ƙofar gida, ƙugu ya karye, an sa mini ƙarfe. Ubanka ya yi gaskiya, kada ka kuskura ka gaya masa na faɗi haka. Ni na hana shi sanar da kai, don kada ka bar aikinka ka zo ka zauna kana kallona. Sai jiya maƙwabciyata ta kawo mini wasiƙunka biyu.

Kai, Allah ya shirye ka! Shirun tsohuwar da ke kwance ba ta iya juyawa ka mayar hukunci? Ka yi sati biyu kana tausayin matar da ta kasa ƙwanƙwasa ƙofa, sannan ka koma ofis ka ajiye wa mutumin da ke zaune kusa da gwiwarka takarda? Ita aƙalla hawa guda ne tsakaninsu. Da na karanta sai da na buga gado, ma'aikaciyar jinya ta shigo da gudu.

Wa ya gaya maka allon ɗansa ne? Shi ya faɗa? Wa ya gaya maka zuciyarsa ta tafi? Kai ka yi tambayar, kai ka ba kanka amsa, kai ka yanke, duk bai buɗe baki ba. Wannan ba kirki ba ne, tsoro ne ya sa rigar kirki.

Ranar da wannan ta iso, ka rufe ƙofa, ka zauna gabansa, ka ce allon nan ba ya saiduwa. Da baki. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. In zai tafi ya tafi, amma ya tafi yana sane da abin da ya bari.

Sabon tunanin naka kuwa, gaskiya ban so shi ba. Matsorata za ka sayar wa mayafi. Amma tunda matar ta ce "yaushe", akwai ciniki a ciki. Abu biyu: kada ka ba kowa kyauta, don wanda bai biya ba ba zai gaya maka gaskiya ba. Na biyu, kada ka kai shi taron Mayu yana rabi. Safar da ɗinkinta bai cika ba ba ta taɓa fita daga masana'antata ba. Gara ka jira baɗi da ka kunyata kanka a gaban benaye goma sha ɗaya.

Gunvor

Malmö, 16 ga Afrilu

Gwaggo,

Sannu, sannu. Na ji kunyar kaina, ina ta kukan kamfani kina kwance da karaya. Allah ya ƙara sauƙi. Ki riƙa bin maganar masu koya miki tafiya, ko da rabi ne.

Na yi abin da kika ce. Ofishinmu ɗan ɗaki ne a cikin wani babban zaure da ƙananan kamfanoni ke haya tare. Na rufe ƙofa, na ce, "Hampus, allon nan ba mai sayensa. Ban yarda da shi ba."

Ya dube ni. Sai ya ce, "Tun yaushe?"

Na ce tun Fabrairu.

Ya miƙe tsaye. Gwaggo, tun muna makaranta na san Hampus, ban taɓa jin muryarsa ta wuce ta mai karanta labarai ba. Ya ce, "Fabrairu? Ni tun wata na biyu na tsani abin nan! Makullin ma ba ya jure danshi!"

Na ce, "To me ya hana ka faɗa?"

Ya ce, "Na faɗa mana! Na ce wataƙila wata rana za mu iya duba wata hanyar."

Na ce, "Wannan ce faɗar?"

Ya ce, "Kai kuma ka ce tunani ne mai kyau, ka tashi ka ɗora kofi! Kullum ka shigo sai ka shafa allon nan kamar kyanwa. Na ce mutumin nan ya bar aikinsa saboda shi, ni wa zan kashe masa?"

Ashe ni ina shafawa ne don in ƙarfafa masa gwiwa. Wata da watanni kowa yana ɗauke da gawa don kada ya ɓata wa ɗan'uwansa rai. Tashi da wurin kuwa, awo yake raka matarsa. Takardata kuma, cewa ya yi, "Na ɗauka korata kake yi da ladabi. Sati uku ina neman laifin da na yi." Nan na ji hawaye ya zo mini, sai na rufe da masifa, shi ma ya rama. Da muka buɗe ƙofa zauren ya zama wayam, kowa ya ɗauki kofinsa ya gudu. Wata ta bar mana takarda a ƙofa wai a riƙa la'akari da sauran jama'a.

Na gaya masa zancen matar kwando da lambar kwaɗo. Bai yabe ni ba. Ya ce rabin tunanin shirme ne, ya nuna mini wane rabin, ya ja kujera ya fara aiki. Batun inshora dai yana nan yadda yake: in babu mai biya a Mayu zai tafi, yanzu ya faɗa mini da bakinsa.

Yanzu ki gyara kwanciya, don zan faɗi abin da ban taɓa faɗa miki ba. Kin yi kuskure. Za mu kai shi taron yana rabi. Wannan ba safa ba ce. Safa in ta fita ta fita, namu kuwa yana hannun mutane muna gyara shi, kuma sai ya shiga hannunsu za mu san inda ya yage. In muka jira baɗi babu Hampus, babu kamfani. A bari ya huce shi ke kawo rabon wani. Batun matsorata kuma, ba ni na halicce su haka ba. Matar nan wanki take son yi, ba jarumta ba.

Na kyauta kuwa, na ji, ba za mu bayar ba.

Sixten

Malmö, 24 ga Mayu

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Baba ya ce an mayar da ke gidan masu murmurewa a Kalix, har kina zagaya tsakar gida da sanda. Ya kuma ce da aka karanta miki wasiƙata kin ce "ɗan banza", kin sa an sake karantawa. Ban san yadda zan fassara wannan ba, kuma na daina fassara, sai kin faɗa da kanki.

An yi taro jiya a zauren wata makaranta, mutum kusan tamanin, da kofi da biskit. Sai da aka gama batun wurin ajiye kekuna da na kwandon shara sannan Ulla-Britt ta kira mu. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, na tashi na ce abin namu bai ƙare ba, kuma ba kyauta ba ne. Muka gwada a gabansu. Saƙon farko ya maƙale, Hampus ya sunkuya yana gumi, ni ina tsaye ina murmushin dole. Na biyu ya tafi, wayar Ulla-Britt ta yi ƙara, ta karanta da ƙarfi: "Lokacinka ya cika, maƙwabci yana jira. Mun gode."

Sai dattijon nan mai kwaɗo ya ɗaga hannu ya ce shawararsa a kafa kwamiti ya duba, a kawo rahoto taron baɗi. Kawuna suka fara gyaɗawa. Na ga Hampus ya rufe kwamfutarsa a hankali.

Da ni ne na Janairu da na ce tunani ne mai kyau. Sai na ji bakina yana cewa, "A'a. Baɗi ba mu nan. In kuna so yau ne, in ba kwa so ku ce ba kwa so, ba za mu ji haushi ba." Kowa ya zuba mini ido kamar na fasa kofi a coci.

Can baya wata ta miƙe, matar kwando ce. Fuskarta ta yi jawur. Ta ce shekara shida tana gidan ba ta taɓa magana a taro ba. Ta ce sau huɗu bana tana mayar da wanki sama bai wanku ba, kuma wanda ke cinye mata lokaci yana cikin zauren nan, ba za ta faɗi sunansa ba. Ta zauna. Maza da yawa suka sunkuyar da kai, har da waɗanda na tabbata ba su ba ne.

Ba a ba mu goma sha ɗaya ba. An ba mu benaye uku, gwajin shekara guda, kuma za su biya. Ulla-Britt ta sa hannu a wurin.

A tashar bas Hampus ya tsaya yana kallon titi. Na ji tsohon halina yana cewa bar shi, gobe ka ji. Na ce ina! Na ce, "Uku ne, ba goma sha ɗaya ba. Za ka tafi ko za ka zauna?"

Ya ce, "Uku ba za su ciyar da jariri ba."

Na ce na sani.

Ya ce, "To sai ka samo ƙarin goma kafin a haife shi. Da safe zan kira inshora in ba su haƙuri. Amma da sharaɗi. Ka daina neman yardata a kan komai, ka yanke, in ka yi shirme zan gaya maka. Kuma kofin da kake dafawa ba ya shawuwa, shekara da shekaru ina haɗiyewa."

Na rungume shi a gaban mutane, bas ta zo ta wuce ba mu shiga ba.

Naki,
Sixten

Kalix, 2 ga Yuni

Sixten ɗana,

Lafiya lau. Jiya na kai bakin ƙofa na dawo ba sanda, sun ce taurin kai ne, na ce shi ne maganin.

"Ɗan banza" yabo ne. Ka yi gaskiya, na yi kuskure, kuma na ji daɗin da aka samu mai gaya mini. Ka ce wa Hampus ina gaishe shi da matarsa.

Yanzu kasuwanci. Gidan nan da aka ajiye ni akwai ɗakin wanki, akwai kuma wani Rune da ke barin kamfansa cikin inji tun safe har yamma. Ni na gaya masa ido da ido, ya ce bai ji ba, na maimaita da ƙarfi. Amma ni zan koma gida ƙarshen wata, sauran kuwa duk irinka ne, sai gunaguni a bayan ƙofa. Na yi magana da shugabar gidan, tana jiranka ranar sha biyu. Na gaya mata abin bai ƙare ba kuma yana da tsada, don haka kada ka zo ka rage mata ko krona.

Saura tara. Ka taho da hula, nan har yanzu da sanyi.

Gwaggonka,
Gunvor